Albashin Kodinetan Ofis: Abin da Ake Biya a Gadarif da Sauran Wurare

Wannan jawabi ne da aka yi wa iyalai a zaman wayar da kai kan aiki da ƙungiyoyin agaji. Mun buga shi domin waɗanda ba su samu zuwa ba.

 

Tun da aka liƙa sanarwar neman ma’aikacin ofis, tambaya ɗaya ce ke yawo daga rumfa zuwa rumfa: nawa ake biya? Wani ya ce da dala ake biya. Wani ya ce ɗan wansa yana irin wannan aiki a Bur Sudan, har ya sayi raksha cikin wata uku. Wata baiwar Allah kuma ta ce ’yarta kodineta ce shekara guda cur, amma abin da take kawowa gida bai kai cefanen mako biyu ba. Zai yiwu dukansu gaskiya suke faɗa. Sunan aikin ɗaya ne, amma wanda ya ɗauke ka, da irin takardar da ka sa wa hannu, da garin da aka ajiye ka, da kuɗin da aka rubuta albashin da shi, su ne suke yanke abin da zai shiga aljihunka. Waɗannan nake so mu warware yau, domin maganar ta fara haddasa zargi a cikin gidaje, ta kuma buɗe wa macuta ƙofa.

Mu fara da aikin kansa. A sanarwar Larabci za ku ga an rubuta munassiƙ idari, mu kuma muna cewa kodinetan ofis. Shi ne mai riƙe da ragamar duk abin da ke sa ofis ya yi tafiya amma ba a ganinsa. Shi ke tsara wace mota za ta Um Rakuba ta hanyar Doka, wace ce za ta Tunaidba ta wajen Mafaza, nawa aka zuba mata na mai, wane direba ke hutu. Shi ke bin takardun izinin tafiya a ofishin HAC, wato hukumar gwamnati mai kula da ayyukan agaji, da ofishin COR mai kula da ’yan gudun hijira. Shi ke riƙe da rajistar zuwa aiki, da kuɗin haya, da ƙananan kuɗin kashewa na yau da kullum, da jerin sunayen masu karɓar alawus a ƙarshen wata. In janareta ya tsaya shi ake nema, in alawus ya yi jinkiri shi ake zagi. Aiki ne na lissafi da haƙuri, kuma kusan ko’ina sai an nemi ka iya kwamfuta, musamman Excel, da rubutun Larabci mai tsabta, da Turanci gwargwado. Wanda ke jin Hausa da Larabci ya ƙara da ɗan Tigrinya yana da abin da ofisoshin nan ke bukata, tun da sansanonin jihar nan suka cika da mutanen Tigray daga Nuwamba 2020.

To amma kalmar kodineta ba ta da nauyi ɗaya a ko’ina. A babbar ƙungiyar ƙasa da ƙasa matakan sukan tafi haka: mataimaki, sai jami’i, sai kodineta, sai manaja. A can kodineta babba ne, yana da mutane a ƙarƙashinsa, kuma da wuya a ɗauki wanda bai yi shekaru yana aikin ba. A ƙaramar ƙungiya ta gida kuwa, ko a kwamitin wurin taruwar ’yan gudun hijira, ana iya kiran matashin da ke riƙe da littafin rajista kodineta, alhali abin da yake samu kuɗin mota ne da na shayi. Saboda haka in an ce muku wane kodineta ne, tambaya ta farko ita ce: a wurin wa?

Masu ɗaukar aiki a nan iri huɗu ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi tazarar da ke tsakanin garuruwa.

A sama akwai hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, irin su UNHCR da WFP da UNICEF da IOM. Su ba sa yin ciniki da kai kan albashi. Suna da ma’auni rubutacce na ma’aikatan cikin ƙasa, kuma ba sirri ba ne, ana iya ganinsa a intanet. Matakan ma’aikatan ofis suna tafiya daga G-1 zuwa G-7. Direba yana ƙasa, mataimakin harkokin ofis yakan faɗa G-4 ko G-5, wanda ya ƙware ya kai G-6 ko G-7. Sama da su akwai jami’an ƙasa da ake kira NO, waɗanda sai da digiri, kuma sai ɗan ƙasar. Aikin da mu ke kira kodinetan ofis, a wurinsu galibi tsakanin G-5 ne da matakin farko na NO. A cikin kowane mataki akwai ƙananan hawa da ake ƙara wa mutum yayin da yake daɗewa a aiki.

Yadda ake gina wannan ma’auni yana da muhimmanci ga tambayarku. Tun 1949 Majalisar ta ɗauki wata ƙa’ida da ake kira ƙa’idar Flemming: ma’aikacin gida za a biya shi daidai da mafi kyawun abin da manyan masu ɗaukar aiki ke biya a ƙasar da yake. Ana zagayawa a binciki bankuna da kamfanoni da ofisoshin jakadanci, a ga abin da suke ba akawu da direba da jami’i, sannan a tsara ma’auni. Ma’aikacin da aka kawo daga waje kuwa da wata ƙa’ida daban ake biyansa, ta Noblemaire, wadda ta samo asali tun 1921, inda ake gwada albashinsa da na ma’aikatan gwamnatin Amurka. Shi ya sa za ka ga mutum biyu a tebur ɗaya, suna cin ful a kwano ɗaya, amma albashin ɗaya ya ninka na ɗayan sau da yawa. Ni a ganina tazarar ta yi yawa, kuma ma’aikatan gida a ƙasashe da dama sun daɗe suna faɗin haka. Amma ku san da ita, don kada ku ji labarin albashin baƙo ku ɗora shi a kan ɗan maƙwabcinku.

Har a cikin hukumomin Majalisar ma ba kowa ne cikakken ma’aikaci ba. Da yawa daga masu sanye da rigar hukuma a kan kwantiragin UNOPS suke, ko na ’yan sa-kai na UNV, ko na ɗan gajeren lokaci. Riga ɗaya ce, haƙƙi ba ɗaya ba.

Na biyu su ne ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, munazzamat ɗin da kuka sani da motocinsu. Kowace tana da nata ma’aunin, galibi ƙasa da na Majalisar, kodayake kodineta a babbar ƙungiya yana iya kamo ko wuce ƙaramin ma’aikacin Majalisar. Waɗannan suna ƙarƙashin Dokar Ƙwadago ta Sudan ta 1997, kuma ɗaukar ma’aikatansu yana bi ta HAC da ofishin ƙwadago. Zan dawo kan dokar.

Na uku ƙungiyoyin gida. Su ne suka fi yawa a fili, su ne suka fi kusa da ku, su ne kuma suka fi ƙarancin biya. Dalilin ba rowa ba ne kawai. Kuɗin yakan fito daga mai bayarwa ya shiga hukumar Majalisar, daga nan ya shiga ƙungiyar waje, daga nan ya iso ƙungiyar gida, kuma kowane hannu ya bi sai an cire na gudanarwa. A taron agaji na duniya da aka yi a Istanbul a 2016 an yi alkawarin kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji zai riƙa zuwa ga ƙungiyoyin gida kai tsaye gwargwadon iko kafin 2020. Shekarar ta zo ta wuce ba a cika ba. Saboda haka albashin kodineta a ƙungiyar gida yana rataye ne da aiki guda, na wata shida ko shekara, in aikin ya ƙare albashi ya ƙare. Ma’aikatan gwamnati ma a wannan sahu zan sa su, ko ƙasa da shi. Malaman makaranta da ke cikinku, waɗanda suka yi watanni ba albashi bayan 15 ga Afrilu 2023, ba sa bukatar in yi musu bayani.

Na huɗu shi ne wanda ya fi shafar mazauna sansani da wuraren taruwa, kuma a kansa ne aka fi samun rashin fahimta. Shi ne hafiz, wato alawus na ƙarfafa gwiwa. Iyayena mata, ku saurari wannan da kyau. Hafiz ba murattab ba ne. Mai karɓar hafiz, ko da ana kiransa kodineta ko mai sa ido, a takarda ɗan sa-kai ne. Yawanci ba shi da inshorar zamantakewa, ba shi da kuɗin sallama, ba shi da hutun shekara irin na doka, kuma ana iya dakatar da shi in kuɗin aikin ya yanke. Ƙungiyoyi sukan zauna su daidaita farashin hafiz a tsakaninsu, mataki-mataki, daga mai aikin ƙarfi zuwa mai ƙwarewa zuwa mai sa ido, don kada wata ta janye mutanen wata. Wannan tsari ba a Gadarif aka fara shi ba, haka yake a Kakuma da Dadaab a Kenya da sansanonin gabashin Chadi. Abin da ake bayarwa ɗan kaso ne na albashin cikakken ma’aikaci, ko da kuwa aikin kusan ɗaya ne. Da babu gara ba daɗi, gaskiya ne, kuma mutane da yawa daga nan suka samu takardar shaida da ta kai su gaba. Amma kada uba ya ɗora hayar ɗaki da auren ’ya a kan hafiz yana zaton albashi ne.

A nan akwai bambanci tsakanin masu zaune a wannan rumfa. Wanda ya taso daga Khartum, ko daga Madani da ƙauyukan Jazira a Disamba 2023, ko daga Sinja a tsakiyar 2024 ya kwana a Mina al-Barri, ko ’yan’uwanmu da rikicin Damazin da Rusairis ya kora tun Yuli 2022, ɗan ƙasa ne. Gudun hijira bai rage masa komai ba a haƙƙin neman kowane aiki, daga G-2 har NO. Wanda ya tsallako iyaka daga Habasha ko Eritiriya kuwa, Dokar Mafaka ta 2014 ta ba shi damar aiki, amma sai da izini daga hukuma, kuma a aikace mafi yawansu a hafiz suke tsayawa. Ɗan ƙasa da aka ba hafiz yana da damar neman cikakken aiki duk lokacin da aka liƙa sanarwa. Kada ya ɗauka an rufe masa ƙofa.

Yanzu maganar yanki, wadda ita ce ta tara mu. Mutane suna zaton Bur Sudan ta fi biya, Kasala na biye, Gadarif a baya. A hukumomin Majalisar ma’aunin ma’aikatan gida na ƙasa ne, don haka ainihin albashin G-5 a nan da na G-5 a Kasala ko Kosti bai bambanta ba. Yawancin manyan ƙungiyoyi ma ma’auni ɗaya suke da shi na ƙasa baki ɗaya. Bambancin ta wasu ƙofofi yake shigowa.

Ƙofa ta farko matsayin kujerar. Lokacin da gwamnati da manyan ofisoshi suka koma Bur Sudan bayan ɓarkewar yaƙi a 2023, manyan kujerun gudanarwa can suka taru. Kodinetan da ke kula da ofisoshin ƙasa duka ba zai zama mataki ɗaya da kodinetan ofishin Gadarif ba, shi kuma na Gadarif ya fi wanda aka ajiye a Doka ko Mafaza. Ɗan wan nan da ya sayi raksha, ku bincika, wataƙila matakinsa ne ya fi, ba garinsa ba.

Ta biyu kuɗin haɗari. Majalisar tana da jerin wuraren da ake ba ma’aikata ƙari saboda tsananin haɗari, ana sake duba jerin duk bayan wata uku, gari yana shiga yana fita. Ga ma’aikacin gida ƙarin yana kai kashi 30 cikin 100 na tsakiyar ma’aunin albashi, wanda ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai ƙaramin mataki. Ƙungiyoyi ma da dama suna da irin nasu ga masu aiki a Darfur da Kurdufan. In kun ji an ce can an fi biya, to abin da ake biya ke nan. Kuɗin kwana ne a inda ake harbi, kuma ma’aikatan agaji da yawa ’yan Sudan sun rasa rayukansu tun farkon yaƙin nan. Duk saurayin da ke tunanin tafiya saboda wannan ƙari, ya zauna da iyayensa tukuna.

Ta uku alawus ɗin tafiya, kuɗin kwana da abinci in an tura ka wani gari. Shi kam yana bambanta daga gari zuwa gari, kuma shi ne yake sa albashin wasu ya yi kamar ya kumbura a wasu watanni. Ba abin dogaro ba ne.

Ta huɗu ba a rubuce take a kwantiragi ba, amma ta fi sauran ƙarfi: abin da rayuwa ke ci a garin. Hayar gida a Bur Sudan ta yi tashin da bai taɓa yi ba, ruwan sha ma saye ake yi, ga zafin da sai da wuta. Mai albashi can yana iya zuba rabinsa a ɗaki guda. Gadarif ma haya ta tashi, kowa a nan shaida ne, amma nan gidan dawa ne da riɗi, kasuwar amfanin gona a bakin ƙofarmu take, kuma wanda ke da dangi a Daim Bakur ko wani ƙauye kusa yana da inda zai raɓa. Murattab ɗaya, a nan ya ciyar da mutum takwas, a can ya gaza biyar. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Amma in kun tambaye ni abin da ya fi gari da mataki tasiri a shekarun nan, zan ce kuɗin da aka rubuta albashin da shi. A Fabrairu 2021 gwamnati ta karya darajar fam daga 55 zuwa kusan 375 a kan dala ɗaya. Gab da yaƙi dala tana wajen fam 600. A cikin 2024 ta haura 2,000 a kasuwa, kuma ba ta tsaya nan ba. Mu yi lissafi na misali. A ce mutum ya sa hannu a farkon 2023 kan fam 300,000 a wata. A lokacin dala 500 ke nan. Ranar da dala ta kai 2,400, wannan albashi ya koma dala 125, ba tare da an cire masa ko sisi ba. Abokinsa da aka rubuta wa dala 500 a kwantiragi, ana ba shi da fam bisa farashin watan, yana nan kusa da inda yake. Ofis ɗaya, aiki ɗaya, ɗaya ya ninka ɗaya sau huɗu. Ko a 2020, lokacin da aka ɗaga mafi ƙarancin albashin gwamnati daga fam 425 zuwa 3,000, murna ba ta daɗe ba tsadar kaya ta cinye ƙarin.

Don haka kafin sa hannu, a tambaya: da wane kuɗi aka rubuta? In dala ce, da wane farashi ake canzawa, na banki ko na kasuwa, kuma na wace rana? In fam ne, sau nawa ake sake duba shi a shekara? Wannan ba rashin kunya ba ne. Mai neman aikin kodinetan ofis da bai yi waɗannan tambayoyi ba, ni da zan ɗauke shi sai in yi shakkar ko zai iya riƙe mini lissafi.

Sannan yadda kuɗin ke isowa. Yawanci ta Bankak ake biya yanzu. Kun tuna Fabrairu 2024 da intanet ya ɗauke, kuɗi na cikin waya amma ba a iya sayen ko albasa. Kun tuna canjin takardun fam 500 da 1,000 a Disamba 2024 da layukan banki da ƙarancin tsaba. Duk lokacin da tsaba ta yi wuya, mai canza maka kuɗin waya zuwa na hannu sai ya cire nasa kaso, kuma daga albashinka yake fita. Wata ’yar gargaɗi a gefe: mu a nan har yau muna kiran fam dubu miliyan, muna kiran miliyan biliyan, saboda tsohon kuɗi. In an gaya maka albashi da baki, ka ce a rubuta maka da lamba. An sha yin rigima kan sifiri uku.

Wasu suna da dangi a Kano ko Maraɗi ko Abeche, suna jin labarin albashin can ta waya. Tun da ƙa’idar ita ce a biya mutum bisa kasuwar ƙasarsa, kowace ƙasa da ma’auninta. A Najeriya mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a Yuli 2024, amma naira ta sha faɗuwa tun da aka sake ta a Yuni 2023, ma’aikatan Maiduguri da Sakkwato sun ɗanɗani irin abin da muka ɗanɗana. A Nijar mafi ƙaranci sefa 42,000 ne tun farkon 2024, a Chadi sefa 60,000. Lambobin ba su da girma, sai dai sefa a ɗaure take da yuro, kusan 656 a kan yuro ɗaya, ba ta narkewa a hannu kamar fam. Kuma in ka tsallaka can, kai ne baƙo. Kujerar ɗan ƙasa ba taka ba ce, hafiz za ka tarar.

Mu dawo kan doka, ga wanda zai yi aiki da ƙungiya ko kamfani. Dokar 1997 ta ce kwantiragin da ya wuce wata uku sai a rubuce, kwafi uku, ɗaya naka. Gwaji ba ya wuce wata uku. Aiki awa 48 ne a mako. Bayan shekara ɗaya kana da hutun kwana 20 da albashi, mace kuma tana da hutun haihuwa na mako takwas. Kuɗin sallama yana farawa ne bayan shekara uku a jere, albashin wata ɗaya kan kowace shekara, kuma ana lissafa shi ne a kan ainihin albashi, wanda ya haɗa da alawus ɗin tsadar rayuwa amma ban da sauran alawus. Ku kula da wannan wurin. In an ce za a ba ka miliyan ɗaya amma ainihin albashin dubu ɗari huɗu ne, saura alawus, to a kan dubu ɗari huɗun za a yi maka lissafin sallama. Akwai kuma inshorar zamantakewa: ana cire kashi 8 daga wurinka, mai aiki ya ƙara kashi 17. Ka nemi lambarka ta inshora ka tabbatar ana zubawa, domin cirewa daban, zubawa daban. Bayan haka akwai haraji. Lambar da ke kan sanarwa sau da yawa kafin a cire waɗannan ce, ka tambayi wadda za ta shiga wayarka. Hukumomin Majalisar ba sa ƙarƙashin wannan doka, suna da nasu dokokin ma’aikata da asusun fansho.

Takardu. Galibi za a nemi raƙam waɗani, da shaidar karatu, da shaidar hidimar ƙasa, da takardar wuraren da ka yi aiki. Na san da yawanku kun fito ba ko takalmi, balle fayil. Na kuma san mutanenmu sun daɗe suna shan tambayoyi a wurin fitar da shaidar zama ɗan ƙasa fiye da wasu, duk da kakanninsu a nan aka binne su, a Mai Wurno da bakin Dindir da Rahad da cikin garin nan. Kada wannan ya sa a haƙura. Teburin taimakon shari’a yana bin irin waɗannan takardu kyauta. Wanda ke da hoton shaidarsa a waya ko a imel ya fitar da shi tun yanzu, kada ya jira sai ranar rufe sanarwa. Wanda ke aikin hafiz kuma ya nemi a rubuta masa takardar shaida da kwanan wata da irin aikin da ya yi kafin aikin ya ƙare, domin in ƙungiya ta tattara ta tafi, neman mai sa hannu wahala ne.

Ba a sayen aiki. Babu kuɗin fom, babu kuɗin ganawa, babu kuɗin horo, babu kuɗin sa suna a jeri. Duk wanda ya ce ka tura masa wani abu ta Bankak zai shigar da kai, ɓarawo ne, ko da katin hukuma a wuyansa. Sanarwar da ke yawo a WhatsApp da albashin dala mai ɗaukar ido, ba adireshin ofis, sai lambar waya, ku kawo mana mu duba. ’Yan’uwana mata, wanda ya nemi ki same shi a wani wuri bayan tashi aiki don maganar ɗauka, ko ya nuna miki sai da wani abu, laifi ne da ake korar ma’aikaci a kansa komai girmansa. Akwatin ƙorafi da jami’ar kare mata suna nan, ba a bayyana sunan mai ƙara, kuma ƙarar ba ta taɓa katin abincin gidanku.

Akwai gaskiyar da ba ta da daɗi. Tun Janairu 2025 da Amurka ta dakatar da mafi yawan tallafinta na waje, wasu ƙasashen Turai su ma suka rage, kujeru sun yi ƙasa. UNHCR kaɗai ta sanar da rage kujeru kusan 3,500 a duniya a 2025. Aikin ofis ne ake fara haɗewa, na mutum uku a ba ɗaya. Sanarwa guda, masu nema ɗaruruwa, cikinsu har da tsofaffin ma’aikatan banki da jami’o’in Khartum. Ku nema, amma kada saurayi ya zauna jiran kira har yankan riɗi ya wuce. Daga Oktoba manoman jihar nan suna neman hannu ido rufe, ana biya da hilla, kuma mai ƙarfi yana iya tara abin da ya wuce hafiz na watanni cikin ’yan makonni. Manyan gonaki da ’yan kasuwar amfanin gona ma suna bukatar mai riƙe littafi da awo da biyan leburori. Aikin kodineta ne shi ma, ko da ba a kira shi haka ba, kuma yana shiga takardar shaida.

Ga iyaye kuma, roƙo ɗaya. In ɗanku ko ’yarku ta samu, ku zauna ta nuna muku takardar biya, ku ga ainihin abin da ke shigowa da ranar da kwantiragin zai ƙare, sannan a tsara abin da za a ɗora mata. Kuma kodinetan ofis ba shi ke rubuta sunayen masu karɓar abinci ko tanti ba. Wanda ya matsa masa ya sa sunan dangi, aikin yake so ya raba shi da shi.

Masu son a duba musu takardar neman aiki ko a karanta musu kwantiragi kafin su sa hannu, su tsaya bayan an tashi, mata ta wannan gefe, maza ta wancan. Wanda raƙam waɗaninsa ya ɓata ya ba da sunansa a tebur na baya. Baba, na ga hannunka tun ɗazu, bismilla.